Ƙyauren Ɗakin Agali

Wata biyu ke nan kuna taruwa a kaina, ku ukun nan, kowa da salula a kunne, kuna shawarar yadda za ku hana ni komawa Arlit. Sani ya ce hanya ta mutu kuma babu tsaro. Mamman ya ce ƙirjina ba zai ɗauki zaman kwana biyu a mota ba. Uwani kuwa ita dai ta zagaya ta sa likita ya faɗa mini abin da take son faɗa. Duk kun yi gaskiya, kuma duk ban ji ba. Da baki ba na iya yi muku bayani, don da na fara sai tari ya tare ni, ku kuma ku ce ka gani ko, Baba. Shi ya sa na sa aka sayo mini kaye, wato littafin rubutu, da bik na zauna rubutu, tunda takarda ba ta katse mutum. Kuna zaton kewar gari ce kawai irin ta tsofaffi. Kewar tana nan, ba na musu. Amma akwai mutum guda a can da na yi wa laifi, kun san shi, kun ci abinci a gidansa kuna yara: Agali. Abin da ku maza biyun ba ku sani ba shi ne laifin, kuma ba na so in mutu kuna ɗora wa 'yar'uwarku abin da ni na aikata.

Na je Arlit ina saurayi, daga nan Damagaram, da guduma biyu da abin da na koya a maƙerar kawuna. Ban taɓa shiga ramin tonon uraniyom ba, ban taɓa sa hular kamfani ba. Ni dai na ga gari na tashi a tsakiyar hamada, kowa na gina ɗaki, na ce duk inda aka yi ɗaki za a nemi ƙyaure. A can na koyi walda, na kafa rumfa a bakin hanyar da motocin ma'aikata ke bi. Har yau in na idar da sallar asuba sai in kasa kunne ko zan ji hon ɗin waɗannan dogayen motoci, da takun masu sauri kada a bar su, da muryar 'yar Tawa mai ƙosai a gefen rumfata tana zagin duk wanda ya tsaya mata a kan kasko. Garin ba shi da kyau, kada wani ya ruɗe ku. Ba kogi, ba inuwar kirki, tuddan da ake hangowa ma tarin abin da aka tono ne aka zubar. Amma kowa baƙo ne a can, mutumin Maraɗi da na Tawa da na duwatsun Abzin, don haka maƙwabcinka shi ke zuwa maka suna, shi ke zuwa maka jana'iza. A garin na yi aure, a garin aka haife ku, a garin aka fara gaishe ni da girmamawa.

Ƙarfen da muke aiki da shi iri biyu ne. Akwai sabo na kanti, wanda manyan motoci ke kawowa daga bakin teku, ga tsada ga rashin kauri, ka taka shi ya lotsa. Akwai kuma feraye, wato tarkacen da ke fitowa daga wajen ma'adinai: tsofaffin bututu, tankuna, ganguna, guntayen injuna. Yadda yake fitowa ban taɓa tambaya ba, wani a hannun ma'aikata muke samu, wani dillalai ke kawowa kasuwa. Kowa ya san ya fi kyau. Da shi aka yi tukwane da gadaje da rufin ɗakuna da rabin ƙyauren garin. Mu maƙera da yatsa muke gane shi: ka ƙwanƙwasa, in ya amsa da murya mai kauri, ka san har jikanka zai gaje shi. Ni kuma ina da wata ɗabi'a da nake alfahari da ita a lokacin. Mai yawan ƙorafi in ba shi na sama-sama. Mutumin kirki in ba shi matsakaici. Wanda ya fi kowanne kauri da nauyi kuwa ba na sayar da shi, a bayan rumfa nake ɓoye shi saboda waɗanda nake ƙauna.

Agali direban ɗaya daga cikin motocin ma'aikata ne, mutumin duwatsun Abzin, dogo, siriri, rawani ba ya sauka daga bakinsa sai zai kurɓi shayi. Mun haɗu ranar da ya kawo mini ƙarfen kujerar motarsa da ya karye, ya tsaya a kaina yana koya mini sana'ata. Na ce masa in ya iya ya karɓa ya yi. Ya yi dariya, ya koma mota ya ɗauko butar shayi kamar da ma abin da ya kawo shi ke nan. Daga ranar, duk la'asar in ya ajiye mota rumfata yake zuwa, shekara talatin da wani abu. A wurinsu ana tsokanar maƙeri, shi ma yana da bakin ramawa, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai “maƙeri”, ni kuma in ce masa “mai raƙumin ƙarfe”. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, ku da kanku kun sha kwaikwayonsa a ɓoye, ina jin ku. Matarsa Tamu ta daɗe tana ƙin ɗakin ƙasa, a bukkarta ta tabarmi take kwana a tsakar gida, ta ce bango na toshe mata numfashi. Da ƙyar ya lallashe ta ya gina mata ɗaki, sai ya zo mini.

“Maƙeri, Tamu ya yarda. Amma ya ce in ƙofa bai yi kyau ba zai koma bukka.”

“Ka bar ni da ita,” na ce.

Ina da wani falle da na yanko daga jikin tsohon tanki, na fi shekara ina ɓoyonsa. A cikinsa akwai wani ɓawo mai ruwan ɗorawa da ya manne, na kankare abin da ya kankaru, na shafe sauran da shuɗin fenti. Sati biyu na yi ina aikinsa, na yi masa zane irin na jakunkunan fata na matansu. Mutum huɗu suka ɗauke shi. Tamu ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa, ta ce to, kuma to ɗin Tamu ba a samunsa da arha. Daga baya ma a bayansa take shimfiɗa tabarmarta, ta bar shi a ɗan buɗe iska na shigowa. Guntun da ya rage ya yi shekaru a yashe, sai wata rana na yi masa ƙafafu ya zama teburin da muke ɗora shayi a rumfa. Tamu ta daɗe a ɗakin nan, daga cikinsa ta aurar da 'yarta Fatimata, sannan tari ya kama ta, ya ci ta a hankali har ta rasu. Mutane da yawa sun tafi haka a Arlit. Muka ce kwana ne ya ƙare, muka yi mata addu'a.

Shekarar da nake so ku sani ita ce wadda ta biyo bayan sojoji sun karɓi mulki a Yamai. An riga an rufe ramin ƙarƙashin ƙasa, motocin ma'aikata sun ragu, Agali ya ajiye tuƙi. Aka rufe iyaka, manyan motoci suka daina zuwa daga bakin teku, aka ce abin da aka tono yana nan a tare ba hanyar fita. Sannan rediyo ta ce an janye izinin tonon Imouraren, wurin da samarin gari suka yi shekaru suna jiran a buɗe su samu aiki. A rumfata kullum gardama ake. Wannan ya ce yanzu arzikinmu ya dawo hannunmu, wancan ya ce arzikin da ba ka iya kai shi kasuwa dutse ne kawai. Agali ba ya shiga, in an matsa masa sai ya ce shi ya yi shekaru yana kai mutane bakin rami yana dawo da su, ba wanda ya taɓa tambayarsa ra'ayi, ba zai fara da tsufa ba. Waɗanda suka gaji da jira suka hau mota zuwa Tchibarakaten tonon zinariya, cikinsu har da mijin Fatimata. Ita kuma ta kwaso 'ya'yanta uku ta dawo gidan ubanta, suka tare a ɗakin marigayiya.

A cikin wannan hali Uwani ta zo hutu. Ta gama karatun kimiyya a Yamai, tana aiki da wasu masu auna ruwan rijiyoyi da ƙasar tituna. A jakarta akwai wata na'ura kamar ƙaramar rediyo, in an kunna ta tana ɗan ƙas, ƙas, jefi-jefi. Uwarku ta sa mata suna gyare. Uwani ta ce akwai wani abu da ke fita daga dutsen uraniyom da duk abin da dutsen ya manne masa, ba a ganinsa, ba ya wari, amma in mutum ya yi shekaru kusa da mai yawa yana iya cin jikinsa. Na ce mata mun ji wannan tun ba a haife ta ba, ga mu nan da ranmu. Ta yi murmushi irin na waɗanda suka yi karatu, ta zagaya gida da gyarenta. Ɗakuna lafiya. Wata tsohuwar tukunya ta sa shi ya ɗan yi sauri, aka fitar da ita, uwarku na mita. Sai ta ce bari ta leƙa rumfa. Tana kai shi kan teburin shayi, ƙas-ƙas ɗin ya haɗe ya zama ƙara ɗaya, kamar an ɗiga ruwa a mai mai zafi.

“Baba, wannan daga ina?”

“Guntun tanki ne.”

“Sauran fa?”

Na ce na manta. Ban manta ba. Tun kafin ta rufe baki shuɗin ƙyauren nan ya tsaya mini a ido, da tabarmar Tamu a bayansa.

Da muka zauna cin abincin rana gida ya rabu. Uwani ta ce duk abin da na ƙera da feraye ya kamata a auna shi. Uwarku ta ajiye ludayi.

“Malam, ka rufa wa kanka asiri. Kai ka haƙa ramin? Kai ka fitar da ƙarfen? Kowa da idonsa ya saya.”

Sani, kai kuma a lokacin kana kabu-kabu da babur a garin, jininka na tafasa, ka juya kan ƙanwarka.

“Kin zo hutun sati biyu za ki rushe abin da Baba ya yi shekara arba'in yana ginawa. Gobe ki koma Yamai, mu a bar mu da bakin mutane.”

Ita kuwa ni ta duba.

“Baba, ba zan shiga gidan kowa ba sai da kai. Ni ban san ƙyauren da ka yi ba. Kai ka sani.”

Kwana uku ina juya maganar a raina. Ranar Juma'a na fita masallaci a ƙafa, sai na tarar ina ƙirga aikina a kan hanya ba da niyya ba: wannan nawa ne, wancan ma, ga na gidan liman. A bakin wani gida wata mai jego ta zauna ta jingina bayanta da ƙyaurena tana ba jariri nono. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce ƙyauren nan ko tsatsa bai yi ba, Allah ya saka da alheri. Ban san abin da liman ya faɗa a huɗuba ba ranar. Da na dawo na ce wa Uwani ta nemi ƙarin hutu.

Wata biyu muka yi muna bin gidaje, ni a gaba ina sallama, ita a baya da gyare. Ku sani, a yawancinsu bai ce komai ba, ba duk feraye ke da abin ba. Inda ya yi kuka kuwa sai in sunkuyar da kai in yi bayani, in ce zan cire in kawo sabo. Wasu sun gode. Wani tsoho ya ce Turawa suka aiko mu don a ɓata sunan arzikin ƙasa yanzu da ya dawo hannunmu, maƙwabcinsa kuma ya ce sojoji suka aiko mu don a ɓata sunan Turawa. Wata mata ta biyo ni har bakin titi tana lissafa mini 'yan gidansu da suka taɓa ciwo, tun daga mai ciwon haƙori. Sabon ƙarfe ya yi wuya saboda rufe iyaka, sai ɗan abin da ke gangarowa daga Aljeriya, shi nake bi ina tsinta falle-falle. Waɗanda muka cire kuma akwai wurin da aka killace a bayan gari, can ake kai su. Kun san wa ya ari mota yana kai mini su? Agali. Shi ke riƙe ƙyaure ina kwance ƙusoshi, shi ke tsaya mini in an fara zagi, ya ce maƙerin nan wawa ne amma ba mugu ba ne. Da ya tambayi teburinmu na ce ƙafarsa ce ta karye. Uwani kuma duk safiya sai ta ce, Baba, ka tuna inda sauran tankin nan yake? In ce ina dai tunani.

Wata la'asar Agali yana zuba shayi a kan katakon da na sa a madadin teburin, ya ɗago ido.

“Maƙeri, nawa fa? Ƙofan Tamu. Yara suna kwana ciki.”

“Naka lafiya lau ne,” na ce. “Ƙarfensa daban ne.”

“To, alhamdu lillahi.”

Ya miƙo mini finjali, na karɓa na sha.

Ga laifin nan, na rubuta shi da hannuna. Ba wanda zai kama ni don na yi ƙyaure da ƙarfen da ban san halinsa ba. Amma ranar na sani. Na san yara uku na kwana a bayansa. Kullum in ce gobe zan faɗa masa, in shirya maganar tun daga gida, da na hango shi ya taho yana gyara rawani sai ta narke. Ba zagi nake tsoro ba, na riga na saba da shi. Tsoro nake ya yi shiru ya fara ƙirga shekarun da Tamu ta yi a kan tabarmar nan, sannan ya ɗago ya dube ni. Na iya shiga gidan mutanen da ban sani ba na faɗi gaskiya, na kasa faɗa wa mutum ɗaya da ya fi kowa cancanta. Sati biyar na ƙara wa yaran nan a ɗakin bayan ya tambaye ni, don kawai kada in rasa abokin shan shayi.

Ana jibi Uwani za ta koma, Agali ya ce mu zo gidansa da hantsi ta yi sallama da Fatimata, ya yanka mata ɗan akuya. Na so in ƙi zuwa, ban samu dalili ba. Muna zaune a tsakar gida, yaran na shiga suna fita, ƙaramarsu ma lilo take yi da ƙyauren. Agali ya hangi jakar Uwani, ya ce cikin wasa:

“'Yata, fito da gyaren nan. Ya shiga gidan kowa, ni bai gaishe ni ba.”

Uwani ta dube ni tana neman izini, ita ba ta san komai ba. Da na ce a'a da ta bari. Bakina ya ƙi buɗewa, kuma yau ina gode wa Allah da ya ƙi. Ta kunna, ta tashi. Tun saura taku biyu ya fara sauri. Da ta kai shi jikin fentin sai yaran suka fashe da dariya, suna zaton waƙa yake yi musu. Fatimata ta fizge ƙaramar daga jikin ƙofar. Uwani ta juyo tana kallona, na ga ta gane inda sauran tankin yake. Agali ya ajiye buta a hankali.

“Ka sani?”

“Na sani.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar farko.”

Ya ja rawani ya rufe har ƙasan idonsa, ya juya wajen Uwani.

“'Yata, kai ka yi karatu. Shi ne ya kashe Tamu?”

“Baba Agali, wallahi ba wanda zai iya ce maka shi ne, ba kuma wanda zai iya ce maka ba shi ba ne. Akwai iskar da aka shaƙa, akwai ruwan da aka sha, akwai abin da Allah ya rubuta. Abin da na sani, kada yaran nan su sake kwana a bayansa.”

Agali ya dubi ƙyauren. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Cire.”

Na je rumfa na ɗauko kayan aiki na dawo. Ƙyauren da na kafa don kada ya taɓa fita, sai da na yi gumi har azahar. Agali bai riƙe mini ba, maƙwabta suka kama. Da aka ɗora shi a amalanke na ce zan kawo sabo kafin Juma'a.

“Kada ka kawo.”

Ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar tabarma ya rataya a bakin ɗakin. Naman na nan a tukunya ba wanda ya taɓa. A hanyar gida, sai da muka kusa Uwani ta ce, “Baba, ni ma ka ce mini ka manta.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan, daga ranar har yau. Sani, Mamman, ku ji da kyau. Duk wannan lokaci da kuke cewa gyarenta ne ya raba ni da Agali, ya kore ni daga Arlit, tana jin ku, ta san gaskiya, ta yi shiru don ta rufa wa ubanku asiri. Ku je ku ba ta haƙuri, kada ku jira sai ranar sallah.

Agali bai sake zuwa rumfa ba. Mukan haɗu a masallaci, ya amsa sallama yadda addini ya ce, ya wuce. Ni kuma duk la'asar sai in hura gawayi in ɗora buta, alhali ban iya haɗa shayi ba, in zauna ina kallon lungun da yake ɓullowa. Aiki ya ja baya, don ko sabon ƙarfe na taɓa sai mutane su ce a kai wani wuri. Sannan tari ya sa ni gaba, kuka kwashe mu ni da uwarku zuwa Damagaram. Na aika masa da ranar tafiyata ta bakin liman. A tasha na ƙi shiga mota sai da direba ya yi mini tsawa. Bai zo ba.

Nan garin haihuwata ne, ga dangi, ga inuwa, ga ruwan sama da na yi shekara arba'in ban ƙoshi da ganinsa ba. Amma baƙo nake. In an kunna rediyo ana maganar wa zai sayi uraniyom, wa ya kai ƙarar wa, wa zai tona Imouraren, sai maƙwabta su juyo suna neman ra'ayina tunda ni na zauna can. Ba ni da ra'ayin da zai amfane su. Ni dai kunne nake kasawa a ambaci sunan garin, in an ambata sai in ji kamar an kira wani nawa. Ina kewar tumatirin lambunan bayan gari, da zagin mai ƙosai, da yadda ake jin harshe huɗu a sahu ɗaya bayan an sallame sallah. Ina kewar mutumin da zai shigo ba sallama ya ce mini aikina bai yi kyau ba. Ba ranar da ba na tunawa da shi, kuma ba ranar da kunya ba ta biyo bayan tunawar.

Bara da damina na roƙi wani mai walda a unguwarmu ya ba ni gefen rumfarsa. Kun zaci motsa jiki nake yi. Sabon ƙarfe na saya, na kanti. Abin da a da nake gamawa a sati biyu ya ci mini wata uku, don hannu na rawa, ido kuma ba ya jure hasken wuta. Awon ƙofar yana kaina, ban buƙaci tambayar kowa ba. Da Uwani ta zo na ce ta ɗora masa gyare. Ta ɗora, lafiya lau, ba ta tambaye ni na wane ne ba. Na ba wani direba mai kai gero Arlit, Ila sunansa, na kwatanta masa gidan. Na ce ya sauke kawai, in an ce a mayar ya ba wa duk wanda ya ga dama, kada ya dawo mini da shi.

Sai bayan wata guda Ila ya dawo. Na sa shi ya maimaita mini sau uku, don haka abin da zan rubuta maganarsa ce. Ya ce ya tarar da tsoho a tsakar gida, ido ya yi rauni, Fatimata ke riƙe masa hannu. Tabarma na nan a bakin ɗakin, ta yage an ɗinke, an ce dangi sun kawo masa mai ƙyaure har sau biyu ya sallame su. Da aka sauke nawa ya tashi ya shafa shi da tafin hannu tun daga sama har ƙasa, sannan ya ƙwanƙwasa da yatsa.

“Ba nauyi,” ya ce. “Maƙeri ya tsufa.”

Ila ya ce ya san wani mai walda a kusa, bari ya kira shi a kafa kafin sanyi ya shigo.

“A'a. Jingina shi nan. Wanda ya cire, shi zai mayar.”

Na so in tafi a satin, ciwo ya kwantar da ni, kun san sauran. Ban sani ba ko gafara ce wannan magana ko kuwa hukunci, kuma ba zan gane daga nan ba. Abin da na sani, sanyin hamada ya wuce sau ɗaya a kan yaran nan da ƙyaure a jingine, ga wani na tafe, kuma tsakanin ni da shi ba wanda ke da shekarun jira a gyara hanya. Uwarku da ta ce in rufa wa kaina asiri, ita ce jiya ta wanke mini riguna biyu ta ƙulla magungunana a leda. Motar Agadas na tashi ranar Asabar. Wanda zai raka ni a cikinku ya zo, wanda ba zai iya ba ya yi mini addu'a, amma kada wanda ya sake kira mini likita. Aikin bai fi na rabin yini ba. Sai dai dole wani ya riƙe ƙyauren ni in ɗaure, don hannuna ya daina ɗaukar nauyi. Zan tsaya a tsakar gidan in ce, “Agali, riƙe mini.” Ban san abin da zai yi ba. Zan je in gani.